Dutsen Anis

Wasiƙar ta iso Munji yana tsakiyar cin lablabi, romon wake da burodi na mutanen Tunis, kuma tun daga kaurin ambulan ya san ba yabo ne a ciki ba. Yabo ba ya cin takarda haka. Ya ture kwanon gefe. Ƙanensa Tahar, wanda shi ke karanta wasiƙun shagon ya kuma rubuta amsarsu, ya goge yatsu a jikin wando, ya farke ambulan, ya ƙanƙance murya kamar ta mace ya fara.

"Kawu Munji, bayan gaisuwa da fatan alheri. Na ga hoton. Wannan ma dutsen kabari ne."

Ya ɗago zai yi dariya, ya ga fuskar yayan nasa, sai ya haɗiye abarsa. Munji ya ce a sake karanta masa. Ba don bai ji ba, duk da guduma ta daɗe da cinye masa kunnen hagu. So yake ya ji ko maganar za ta yi sauƙi a karo na biyu. Ba ta yi ba.

Shagonsu yana jikin katangar maƙabartar Jallaz. A nan ubansu ya bar su, a nan furfura ta same su. Tahar ke yanka dutse ya goge shi, Munji ke sassaƙa rubutu, kuma duk Tunis in ana maganar wanda ya iya zaunar da harafi a kan farin dutse, sunansa ake fara kira. To amma me yake rubutawa? Bisimilla, sunan mamaci, ranar da ya cika, roƙon Fatiha. Gobe ma haka. In dutse ya kammala masu shi suka zo ɗauka, sai ya kwara masa ruwa ya wanke ƙura, ya ɗora tafin hannu a kai, ya dubi babbansu ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙurin rashi." Haka ya tashi ya ga ubansa yana yi, kuma dutse bai taɓa fita ƙofar nan ba tare da wannan addu'ar ba.

Sana'a ce mai rufin asiri, sai dai ba mai marmarin ganinka. In ya shiga gidan shayi, 'yan karta su ce, "Kawu Munji, yau wa ka zo aunawa?" In ya je biki ya yi wa ango fatan alheri, uwar ango ta bi bayansa da a'uziyya ƙasa-ƙasa. Tare da shi ake dariyar, amma abin yana cin sa. Tun yana saurayi yake aikin da duk wanda ya tsaya a gabansa kuka yake yi. Burinsa ɗaya, kuma matarsa kaɗai ya taɓa faɗa wa: kafin hannunsa ya fara rawa, ya sassaƙa dutse ko guda ɗaya da mutum zai tsaya a gabansa bai zubar da hawaye ba.

Shi ya sa ranar da wasiƙar Malama Najat ta farko ta zo, sai da ya saya wa duk maƙwabtan shagon shayi. Najat 'yar tsibirin Ƙarƙanna ce, tana rubuta waƙoƙi, tana kuma zana haruffan waƙoƙin da hannunta manya-manya, har ana rataye su a ɗakunan nuni mutane su je kallo. Ta rubuto cewa tana da ƙane, Anis, masunci. Wata safiya ya fita da jirginsa bai dawo ba. Ba a ga jirgi ba, ba a ga gawa ba. Wasu sun ce teku ta ci shi, wasu sun ce Italiya ya tsallaka kamar sauran samari, har akwai wanda ya rantse ya hango shi a wata kasuwar kifi a can. Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Yanzu tana son dutse da za a kafa a kan katangar tashar jiragen garinsu, yana kallon teku, ɗauke da layi ɗaya na waƙarta: Anis, fitila na kunne, ƙofa ba sakata.

Ta gindaya sharaɗi ɗaya, ta ja masa layi har alƙalami ya huda takardar. Wannan dutse kira ne ga mai rai, kada ya yi kama da na kabari ta kowace fuska. Ta ce a gidansu ba a yi zaman makoki ba, matan da suka zo ta'aziyya ita da kanta ta mayar da su daga bakin ƙofa, saboda mahaifiyarsu, Hajiya Mabruka, har yau in an dafa kuskus sai an rufe rabon Anis. In tsohuwar ta ga sunan ɗanta a kan abin da ya yi kama da dutsen kabari, ba za ta kwana ba. Ita kuma ba ta da wanda za ta bar wa tsohuwar ta zo Tunis, waya kuwa da kunnen Munji ɓata lokaci ce, don haka komai sai ta takarda. Zanen ya biyo bayan wasiƙar a nannaɗe, direban motar haya ya kawo.

Da suka shimfiɗa zanen a ƙasa suka danne kusurwoyinsa da ɓaraguzan dutse, Tahar ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko Malamar a cikin jirgi ta zana shi ana igiyar ruwa. Haruffan duk a karkace, suna hawa sama, na ƙarshe ma ya zarce bakin dutsen kamar zai fita. Munji ya ce ya rufe musu baki. Amma shi ma a ransa cewa ya yi baiwar Allah ta iya alƙalami, ba ta san dutse ba, kuma ai don haka ta nemo shi. Ya ɗan miƙar da haruffan. Ya lanƙwasa kan dutsen don kada kusurwa ta ɓantare. Ya kewaye rubutun da siririn layi, ya cika haruffan da baƙin fenti don a iya karantawa daga nesa. Ya kira mai hoto, ya tsaya kusa da dutsen da sabuwar hularsa.

Amsar da ta dawo, ko gaisuwar kirki babu. Ta tambaya ko dawowar Anis aka ce masa ana jira ko tashin ƙiyama. Munji ya cika ya yi fam. Ya sa Tahar ya ɗauko takarda ya ce ya rubuta mata cewa tun kafin a yaye ta yake riƙe da kurfi da guduma, in ta fi shi sani ga dutse nan ga ƙarfe ta zo ta sassaƙa. Tahar ya duƙa yana ta rubutu yana gyaɗa kai. Abin da ya isa Ƙarƙanna shi ne: sun fahimci gyaran Malama, sun gode, za a sake. Dama haka suke aiki tun rasuwar ubansu, kuma Munji ya sani, yana dai yin kamar bai sani ba.

Dutse na biyu ya yi shi da taka tsantsan kamar mai ɗaukar ƙwai. Ba lanƙwasa, ba layin kewaye, ba fenti. Shi ne wanda hotonsa ya jawo wasiƙar yau.

Ya ce wa Tahar ya ci gaba, a ji laifin wannan kuma. Tahar ya ci gaba. Ta ce ya dubi ƙasan rubutun, zai ga ya bar fili fayau daidai faɗin tafin hannu. Na mene ne, in ba na ranar rasuwa ba? Ta ce ya dubi gindin dutsen, ya bar shi da kaushi bai goge ba, don hannunsa ya saba wannan ɓangaren ƙasa ake turbuɗa shi. Ta ce haruffan sun jeru kafaɗa da kafaɗa kamar masu sallar gawa. "Ban ce ba ka iya ba, Kawu," ta rubuta. "Ka iya har ya yi yawa. Hannunka ya riga ya binne ƙanena, ni kuma ban yarda ba."

Munji ya tashi ya je gaban dutsen da niyyar ya ƙaryata ta. Ya auna filin da tafin hannunsa, ya zauna daidai. Ya shafa gindin, kaushi. Wallahi bai yi niyya ba, bai ma san ya yi ba, kuma wannan shi ya fi ƙona masa rai. Da ƙarya ta yi masa, da ya samu abin zagi ya huce. Yana nan tsaye sai ga wata mata cikin baƙaƙen kaya ta shigo da ɗanta, za su zaɓa wa maigidanta dutse. Ta zagaya shagon, ta wuce duk waɗanda aka jera don masu irin lalurarta, ta zo ta tsaya a gaban na Anis ta ce irin wannan take so, ya fi nutsuwa. Tahar ya fice waje yana tari. Munji ya karɓi sunan mamacin ya rubuta, ya raka su bakin ƙofa, ya dawo ya ɗauki kwanon lablabin ya juye wa kuliyoyin maƙabarta.

Amsar wannan karon da kansa ya rubuta ta, da hannunsa mai nauyi da ya saba da ƙarfe. Gajeriya ce. Ya ce ta yi gaskiya, shi bai san yadda ake yin dutsen da ba na kabari ba, ta faɗa masa. Sai da ya yaga takarda biyu kafin ya iya barin wannan jimlar a rubuce.

Ya zaci za ta yi taushi. Ina. Ta aiko da kwandon busasshen ɓaure da sabon zane da shafuka cike da maganganun da Tahar ke karantawa yana riƙe ciki. Wai harafi ya yi numfashi. Wai dutsen ya zama kamar yana shirin tashi tsaye. Tahar ya ce shi dai a iya saninsa dutse in ya fara numfashi gudu ake yi. Amma a shafin ƙarshe ta faɗi abin da hannu zai iya kamawa: kada a sassaƙa haruffan a fuskar dutsen, a huda su su fita ta baya, yadda wanda ya tsaya a gabansa zai hangi teku ta cikin sunan Anis. Ta ce ba ta taɓa ganin dutsen kabarin da ake leƙawa ta cikinsa ba.

Munji ya ce haukan ya isa. Farin dutse ba katako ba ne, in ka rarake cikinsa haka tsagewa zai yi. Ya sa Tahar ya rubuta mata hakan. Ta amso cewa a ƙara masa kauri. Ya sa aka rubuta cewa in an ƙara kauri kurfi ba zai kai ba, kuma haruffan nata masu siririyar wutsiya ba za su bar wa dutsen abin riƙewa ba. Ta amso da zanen da ta kumbura wutsiyoyin, ta kuma ƙara da cewa ba ta san maza na tsoron dutse ba. Ya sa Tahar ya rubuta mata wata magana a kan mutanen tsibiri da abin da gishiri ke yi wa ƙwaƙwalwarsu. Tahar ya rubuta cewa ɓauren ya yi daɗi ƙwarai. Haka aka yi ta yi, rani ya wuce aka shiga sanyi. Direban motar haya har ya daina gaisuwa, sai dai ya jefo nannaɗen takarda daga taga ya ce, "Ga saƙon amaryarku."

A ƙarshe dai ya gwada, don ya nuna mata ba zai yiwu ba. Dutsen da ya fara hudawa ya tsage tun a harafi na biyu. Ya aika mata hoton tsagar ba tare da ko kalma ba. Ta dawo masa da hoton, ta rubuta a bayansa cewa harafin farkon ya yi kyau. Haushi ya sa ya ɗauko wani dutsen. Wannan ya kai har tsakiyar layi, ya yi makonni yana bin sa da ƙaramin kurfi da magagari, yana hudawa kaɗan ta gaba ya juya ya tare ta baya, sai wata rana da hantsi ya ji wani ɗan sauti, ƙas, wanda ko da mataccen kunnensa ya san ma'anarsa. Ya ajiye guduma a hankali ya fita ya zauna a kan dakalin shagon. Tahar ya kawo masa shayi, bai yi ko wasa ɗaya ba, abin da ya nuna lamarin ya kai inda ya kai.

Ranar matarsa ta ce masa ya haƙura mana, matattu ba su taɓa dawo masa da aiki ba. Ya ce ai shi ya sa.

A duk tsawon wannan lokacin aikin kabari bai tsaya ba, don mutuwa ba ta san ana wani aiki ba. Da safe ya sassaƙa wa mamata, hannu na tafiya da kansa yana tunanin wani abu daban. Da yamma ya koma kan sabon dutsen Anis, inda kowane bugu sai ya tsaya ya tambayi hannunsa ina za shi. Ya liƙa zanen Najat a jikin dutsen ya hana kansa gyara ko ɗigo. In ya ga harafi ya karkace har yana yi masa ciwon ido, sai ya cije ya bi karkacewar. Ya sa Tahar ya goge gindin har ya yi santsi. Filin ƙasa kuwa ya sa aka yanke shi gaba ɗaya, rubutun ya sauko har kusa da baki, ko ranar wata ba za ta samu wurin zama ba.

Ranar da magagari ya fita ta bayan harafin ƙarshe, suka ciccibi dutsen suka tsayar a bakin ƙofa. Rana ta bi ta cikin haruffan ta rubuta layin waƙar a ƙasa, a kan ƙurar shagon. Mai sayar da furanni na ƙofar maƙabarta ya zo ya leƙa ta cikin sunan ya ce yana hango motar bas. 'Yan karta suka taso daga gidan shayi suna zura yatsu. Wani ya tambaya wannan kuma na wane irin mamaci ne, Munji ya ce na mai rai ne, ya faɗa da ƙarfi yadda na nesa ma za su ji.

Amsar Najat ta zo a siririn ambulan. Tahar ya jujjuya takardar yana neman sauran. "Kawu Munji, shi ne. Ku kawo shi."

Suka naɗe dutsen da tsofaffin barguna suka ɗora a bayan motar wani maƙwabci. Tahar ya tuƙa, Munji ya zauna a baya rungume da dutsen har garin Safaƙus na bakin teku, duk ramin da aka faɗa sai ya zagi Tahar da wanda ya yi hanyar. Jirgin fito ya tsallakar da su. Najat na jiran su a tasha, 'yar siririyar mata da tabarau da tawada a yatsu, ko kusa ba ta kai girman wasiƙunta ba. Ta gaishe su a ladabce, ta dubi Tahar ta ce ta san shi ne ke sa wa wasiƙun zuma, don wasiƙa ɗaya da Kawu ya rubuta da kansa ba ta yi kama da sauran ba. Tahar ya ce da ta ga na asali da tuni ta kai su kotu.

Masunta suka taya su ɗora dutsen a kan katangar, aka zaunar da shi da siminti. Da aka yaye bargunan, teku ta cika haruffan da shuɗi, jirgi in ya gifta sai a ga ya ratsa ta cikin sunan. Mutane suka taru. Mata na leƙawa suna kiran 'yan uwansu su zo su gani, wani tsohon masunci ya ce yanzu in Anis ya ƙi dawowa to rashin kunya ce kawai, aka yi dariya. Munji ya ja gefe yana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ba mai kuka. Najat ta zo ta tsaya kusa da shi ta ce ta wahalar da shi, ya ce ƙwarai kuwa, suka yi murmushi. Daɗin da ya ji a lokacin bai taɓa jin irinsa ba a sana'ar nan.

Sai ta je ta taho da mahaifiyarta. Hajiya Mabruka tsohuwa ce tukuf, tana tafe tana dafa kafaɗar 'yarta, mutane na buɗa musu hanya. Najat ta karanta mata layin a kunne, ta kama hannunta ta zura yatsunta cikin harafin farko. Tsohuwar ta shafa, ta ce ƙura ta ɓata shi.

Gaskiya ne, ƙurar hanya da ta siminti ta kwanta a kai. Munji ba zai miƙa aiki da datti ba. Ya karɓi bokitin ruwa daga hannun wani masunci ya kwara wa dutsen, ya bi shi da hannu har farinsa ya fito. Ruwan na gangarowa, tafin hannunsa ya sauka a kan dutsen, ya juya ya dubi babbar masu shi.

"Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙurin rashi."

Sai da ya ji ta a kunnensa mai ji sannan ya san ya faɗa. Tahar ya dafe kai. Munji ya janye hannunsa kamar ya taɓa murhu, ya ji da ma katangar ta rufta da shi cikin ruwa. Wata da watanni yana gadin hannunsa, bai taɓa tunanin gadin bakinsa ba. Fuskar Najat ta yi fari, ta riƙo tsohuwar da hannu biyu tana cewa Inna ba haka yake nufi ba, bakinsa ne ya suɓuce, mutumin maƙabarta ne, su tafi gida.

Tsohuwar ba ta motsa ba. Ta ɗaga tafukanta ta shafa a fuska.

"Amin," ta ce. "Amin, ɗana. Kai ne na farko da ya yi mini."

Najat ta ce, "Inna, Anis fa yana..."

"Najat, na haifi masunci, na auri masunci, ubana masunci ne. Tun makon farko na sani." Muryarta ba ta ko rawa. "Ke ce ba ki iya ji ba, shi ya sa nake rufe masa abinci. Na gaji, 'yar nan. Ina so in yi kukan ɗana kafin in bi shi."

Ta fara kuwa, a nan gaban dutsen, kuka mara ƙara irin na wanda ya daɗe yana riƙewa. Matan da aka taɓa kora daga bakin ƙofa suka matso ɗaya bayan ɗaya suna rungume ta suna faɗin abin da aka hana su faɗa. Kafin wani lokaci duk tashar ta zama gidan makoki. Tsohon masuncin da ya ba da dariya ɗazu ya cire hula yana jan Fatiha. Najat ta saki hannun uwarta, ta dubi Munji. Ya so ta zage shi, irin zagin wasiƙunta, ko wanda ya fi shi. Sai ta juya ta bi gefen katangar ta tafi ita kaɗai.

Da kukan ya lafa, Hajiya Mabruka ta sa aka kira mata Munji. Ya durƙusa yana neman gafara, ta ce ya bar wannan. Tambaya gare ta: shi da yake wannan sana'ar, wanda ba a samu gawarsa ba, ana yi masa dutse? Ya ce ana yi, Hajiya, akan kafa kusa da na mahaifinsa. Ta gyaɗa kai ta ce to.

A jirgin komawa Tahar ya yi ta ƙoƙari. Ya ce ai alheri ya yi wa tsohuwar, ya sauke mata kaya. Munji ya ce ya sani, ya yi masa shiru. Ya san alheri ne, kuma hakan bai rage masa komai ba. Dutse ɗaya ya roƙa a duk rayuwarsa, ya samu, ya riƙe shi bai fi tsawon shan shayi ba, sannan da bakinsa ya tara masa masu kuka fiye da duk wanda ya taɓa sassaƙawa.

Ya rubuta wa Najat wasiƙar ban haƙuri da hannunsa, ba amsa. Ya sake, shiru. Sai da bazara ta shigo direban motar haya ya tsaya a ƙofar shagon, ya sauko da kansa ya miƙa ambulan, ba nannaɗen zane. Tahar ya buɗe, ya karanta a zuci, ya miƙa wa yayansa ba tare da ya kwaikwayi muryarta ba. Rubutun Najat ne, a miƙe sarai, ba harafin da ya karkace. Sunan Anis da na mahaifinsa, da ranar da ya fita teku. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya: "Ka yi shi yadda ka saba, Kawu. Ba ni da gyara."

Munji ya zaɓo dutse mai kyau daga cikin waɗanda Tahar ya yanka. Ya lanƙwasa kan, ya ja layin kewaye, ya bar gindin da kaushi. Ya fara bayan azahar, kafin rana ta faɗi ya kai kan roƙon Fatiha, hannunsa bai tsaya ya tambaye shi komai ba ko sau ɗaya. Tahar ya ajiye masa gwangwanin baƙin fenti a gefe ya fita ya ba shi wuri.